Makara a Kowane Masallaci, To Ina Gadon Mai Sauran Numfashi?

Da wuya a shiga wata unguwa a cikin birnin Katsina, tun daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura, daga Rafindadi har Sabuwar Unguwa, a tarar da masallacin da ba shi da makara jingine a gefe, ko kuwa bai san maƙwabcin da zai ara a wurinsa ba. Da zarar an yi sanarwar rasuwa, kafin a gama wanka da suturtawa makara ta iso ƙofar gida. Samari za su yi ta rige-rigen kamawa, wannan ya saki wancan ya karɓa, kowa yana neman ladarsa, har a isa Ɗan Marna ko Ɗan Takum ba tare da an biya kowa ko sisin kwabo ba. Wannan abin a yaba ne, Allah ya saka wa masu yi da alheri.

To amma akwai tambayar da ya kamata kowane ɗan uwa matashi ya yi wa kansa. Shi wannan bawan Allah da aka yi wa rakiyar girma yau, watanni shida da ya yi kwance a ɗaka ba ya iya zama, wa ya ɗauke shi ya kai shi ganin likita? Da me aka ɗauke shi? Sau nawa ranar komawarsa asibiti ta zo ta wuce don kawai an rasa yadda za a fitar da shi daga lungu? Abin mamaki, jama'a ta yi wa gawa kyakkyawan tanadi, amma ta bar mai rai da iyalinsa su san yadda za su yi.

Marasa lafiyar da ake magana a kansu ba waɗanda haɗari ya rutsa da su yanzun nan ba ne, ba kuma mace mai naƙuda ba ce. Su ne waɗanda ciwo ya kwantar, ba a gargarar mutuwa suke ba, amma ba su iya zama a kujerar mota ko da na minti goma. Akwai dattijon da hawan jini ya kayar, ɓarin jikinsa ya shanye. Akwai tsohuwar da ta zame a makewayi ta karye a ƙugu. Akwai matashin da ya faɗo daga babur ya ji ciwo a ƙashin baya. Akwai mai sikila da ciwo ya cinye masa mahaɗar ƙugu, da mai ciwon ƙoda da ya galabaita, wanda ake yi wa wankin jini sau biyu ko uku a mako, da wanda aka yi wa aiki aka sallamo shi da sharaɗin ya dawo a duba ɗinki. Duk waɗannan suna da ranar da likita ya rubuta masu a kati, kuma lafiyarsu ta rataya ne a kan su cika wannan alkawari.

Wasu a nan cikin gari za a kai su, Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi da ke wajen Ɓatagarawa. Wasu kuwa sai an tura su Kano, Asibitin Ƙashi na Dala wanda ke aiki tun 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, ko ma Shika ta Zariya. Katsina zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 170 ce, a bi ta Charanchi, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa da Bichi. Mai lafiya ma idan ya sauka sai ya miƙe ya yi miƙa, ina ga wanda ƙashinsa ke karye?

Yadda abin ke gudana a yau kowa ya sha gani. Za a kira Keke Napep ko a ɗauki shatar Golf, ta tsaya a bakin titi domin lungun ba ya shiguwa. Sai a ciccibo dattijo a cikin zane ko tabarma, biyu sun kama hammata, ɗaya ya kama ƙafafu, tsakiyar jikinsa na lilo. A bakin mota a yi ta kici-kici, yana salati yana kiran sunan 'ya'yansa. Direba yana cewa, "Malam, ku ɗan lanƙwasa ma Baba ƙafar nan ƙofa ta rufu." A lanƙwasa ƙafar da likita ya ce kada a motsa. Wani kuma a shimfiɗe shi a bayan a-kori-kura kamar buhun masara, rana na dukansa, jama'a na kallo. Idan mace ce, sai a haɗa mata ciwo da tonon asiri. Inna lillahi!

Wannan ba wahala kaɗai ba ce, ɓarna ce. Masana kiwon lafiya sun daɗe suna gargaɗi cewa wanda ya ji ciwo a ƙashin baya ko a wuya, mugun ɗauka kan iya taɓa lakar da haɗarin bai taɓa ba, mutumin da ke da damar tashi ya koma gurgu har ƙarshen rayuwarsa. Karayar da aka saita tana iya gocewa, ɗinki yana iya ɓarkewa. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan. Shi ya sa bayan zuwa ɗaya ko biyu sai iyali su ce, "A bar shi ya huta, wahalar ta yi yawa." A daina zuwa gashin ƙashi, a daina gwajin jini, gyambon kwanciya ya ci bayansa, a koma wa mai ɗori, ba don an fi yarda da shi ba, sai don shi yana takowa har ɗaka. Ranar da ta Allah ta kasance kuma, sai a ga makara ta iso cikin minti biyar.

Wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne. Gaskiya ne, kuma ba a ɗauke mata nauyin ba. Sai dai a lura da inda tanadin nata ya tsaya. Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa da aka sanya wa hannu a 2014 ta kafa asusun da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma kashi 5 cikin 100 na asusun an ware shi ne don jinyar gaggawa. A 2022 aka fara gwajin tsarin motocin agajin gaggawa na ƙasa a Abuja. Hukumar kiyaye haɗurra tana da motocinta don waɗanda haɗarin hanya ya rutsa da su. Duka dai gaggawa, gaggawa. Shi kuwa dattijon da ke da ganin likita ranar Talata da ƙarfe tara bai shiga wannan lissafi ba. Idan aka nemi motar asibiti, galibi sai iyali sun zuba mai sun sallami direba. Man nan kuwa, kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita a farashin hukuma ba ta kai Naira 200 ba, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a gidajen mai da dama. Talakan da ya sayar da akuya ya sayi magani, ina zai samo kuɗin shatar Kano zuwa da dawowa? Saboda haka a ci gaba da neman haƙƙi a wurin hukuma, amma kafin ta waiwayo, shi Baba yana kwance.

Ba kuwa wani baƙon abu ake kira a yi ba. A shekarun baya an yi wani tsari a jihohin Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, inda aka horar da direbobin ƙungiyar NURTW suka riƙa ɗaukar mata masu naƙuda daga ƙauyuka zuwa asibiti, dare ko rana. Direbobin tasha ne fa, ba likitoci ba. Idan su sun iya, me zai hana samarin da ke cika sahu a masallaci, ga ƙarfi, ga ilimin boko da na Islamiyya, ga 'yan agaji a kusan kowace unguwa?

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin masallacin unguwa ɗaya ba. Na farko, gadon ɗaukar mara lafiya. Mai waldan da ya ƙera makara zai iya ƙera shi: tsawon ƙafa shida da rabi, faɗin kamar ƙafa biyu don ya wuce ƙofar zaure, da mariƙa huɗu, da katifa marar kauri mai rufin leda da za a iya wankewa, da maɗauri uku, na ƙirji, na ƙugu da na gwiwa. A haɗa da faffaɗan katako mai ƙarfi saboda masu ciwon baya. Kuma kada a yi kuskuren cewa ai ga makara nan a yi amfani da ita. Mara lafiyar da ya ga an shigo masa da makara, ko bai mutu ba zuciyarsa ta mutu.

Na biyu, mutane. A sami samari takwas ko goma, a raba masu ranaku, a rubuta a manna a bangon masallaci, a san shugabansu. A roƙi wani ma'aikacin jinya na unguwa, domin ba a rasa su, ya ba su yammaci biyu ko uku ya koya masu ɗauka a aikace. Mutum huɗu ake so a kowane ɗauka. Ɗaya ya riƙe kai, kuma shi kaɗai ke ba da umarni. Mai ciwon baya ba a ɗaga shi ta hannu da ƙafa, ana juya shi ne gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, a tura katakon ƙarƙashinsa, a mayar da shi a ɗaure. Mai shanyewar ɓarin jiki kada a ja shi ta hannun da ya mutu, domin kafaɗar kan goce. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu yana kwance rairan, yana iya shaƙewa. Idan amai ya taso a juya shi ta gefe. Wanda aka sa wa robar fitsari, jakar ta zauna ƙasa da mararsa, kada a ɗora masa ita a ciki. A tafiya mai nisa a sa matashi a ƙarƙashin wuraren da ƙashi ya fito, a kuma gyara masa kwanciya duk bayan kamar awa biyu, in dai ba likita ya hana ba.

Na uku, mota. Ba sai an sayi sabuwa ba. A yi magana da mai bas ko mai Sharon ɗaya ko biyu na unguwa, waɗanda za a iya cire wa kujerun baya, a daidaita da su a kan farashi tun kafin buƙata ta taso, a yi ƙugiyoyin da za a ɗaure gadon don kada ya riƙa zamewa idan an taka birki. A ja wa direba kunne cewa ba gudu aka ɗauke shi yi ba.

Na huɗu, shiri. Tun jajibiri a tabbatar cewa ranar ce likitan ke zama, a haɗa kati da takardar turawa da hotunan ƙashi da magunguna a jaka ɗaya, a kuma nemi wanda zai tarbe su da gadon turawa a ƙofar asibiti. Idan Kano ce a tashi bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe, musamman a watannin bazara da zafin Katsina kan haura digiri 40, kuma a guji tafiyar dare. Idan mace ce, matan gida su shirya ta su lulluɓe ta, muharramanta su ɗora ta a gado, samari su kama mariƙa kawai, 'yar uwarta kuma ta zauna kusa da ita. Sannan a san iyaka. Wanda bakinsa ya karkace yanzu, ko numfashinsa ke sarƙewa, ko jini ke zuba, ko yake kan ruwa da iskar oksijin, wannan ba a jira masa ranar wani ba, kuma ba aikin 'yan sa kai ba ne su kaɗai. A garzaya asibiti mafi kusa, a bi abin da ma'aikata suka ce.

Kuɗi fa? Akwati ɗaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a, da littafi ɗaya da za a riƙa karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙarshen kowane wata. Mai hali ya biya kuɗin mai cikakke, marar hali asusu ya ɗauke masa, ba tare da an yi shela da sunansa ba. Kada kuma a tambayi mara lafiya masallacin da yake salla, ko ma addinin da yake bi, kafin a kama masa gado. Ciwo bai tambaya ba da ya zo.

Akwai masu tsoron cewa idan mara lafiya ya cika a hannunsu za a ɗora masu laifi. Maganin wannan shi ne kada a ɗauki kowa sai da izinin iyalinsa da sanin mai duba shi, kuma wani daga cikin iyalin ya kasance a motar. Bayan haka rai na Allah ne. Ai ko yanzu ana ɗaukarsu, bambancin kawai shi ne ana ɗaukarsu da jahilci.

Kowane ɗalibin Islamiyya ya san cewa gaida mara lafiya da rakiyar jana'iza duk haƙƙoƙi ne na Musulmi a kan ɗan uwansa. An riƙe na biyun gam. Na farkon kuwa an taƙaita shi a kan ledar lemo da ayaba, da "Allah ya sawwaƙe, Baba," a fito a koma majalisa a ci gaba da gardamar ƙwallo. Zumunci a ƙafa yake, amma na wanda ba ya iya zama a kafaɗa yake. Kafaɗar da ke jiran ta ɗauki dattijo zuwa maƙabarta, ta fara ɗaukarsa zuwa asibiti tun yana iya buɗe baki ya sa mata albarka.

Ɗan uwan da ya karanta wannan, kada ya ninke jarida ya sa a aljihu shi ke nan. Ya ƙirga gidajen layinsu, ba zai rasa wanda ke kwance ba. Bayan sallar la'asar ta yau ya sami liman da mai unguwa da abokansa uku, a fara da auna faɗin ƙofar zauren wannan gida.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa kaffara ne, ya kuma ba matasa ikon aikatawa. Wassalamu alaikum.