Akwatin Jami'a Ba Lefe Ba Ne

 

Makon jiya wani bawan Allah ɗan garinmu Bogo, mai shagon yadi a unguwar Brikiteri ta Yawunde, ya aiko mini da saƙo. 'Yarsa ta ci jarrabawar bak, za ta tafi Jami'ar Ngaundere a watan Oktoba. Ya ce ya ware mata atamfa turmi 10, leshi 3, shadda 2. Sai ya tambaya: "Hajiya, sun isa ko in ƙara?" Na ce masa, "Alhaji, Allah ya sanya albarka, amma ragewa za ka yi." Na san ba shi kaɗai ke da wannan tambayar ba, shi ya sa na kawo ta nan.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskuren. Shekara uku da suka wuce muka haɗa wa 'yar yayana kaya, ita ma Ngaundere za ta. Wallahi kamar masu kai lefe: manyan akwatuna biyu, da jakar takalma, da ƙaramin akwati na sarƙa da 'yan kunne. Da muka isa Dang, inda jami'ar take, kimanin kilomita 15 daga cikin gari, sai muka tarar da ɗakin da aka kama mata. Katifa, ɗan teburi, ƙusa uku a bango, shi ke nan. Da aka shigar da akwatunan, wurin shimfiɗa sallaya ma sai da aka yi dabara. Kwana huɗu da dawowarmu ta bugo waya tana cewa, "Gwaggo, sanyi zai kashe ni, ga ruwan sama kullum." Duk cikin kayan nan babu rigar sanyi ko ɗaya, babu lema. Da ta zo hutun Disamba ta dawo mana da leshin nan a naɗe yadda muka naɗe su, sai warin funfuna suke yi.

Tun daga ranar na gane cewa lefe ana haɗa shi ne don idon 'yan kallo, akwatin jami'a kuwa yarinya ce za ta zauna da shi ita kaɗai wata tara. Don haka kafin a yanka yadi ko ɗaya, a amsa tambaya uku: wane gari za ta, wane irin ɗaki za ta zauna, kuma sau nawa za ta iya wanki a mako?

Mu fara da gari. Arewacin Kamaru yanzu jami'o'in gwamnati uku gare shi: ta Ngaundere da ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ta Marwa da aka kafa a 2008, sai ta Garwa a 2022. Mu da muke fatauci mun san garuruwan nan ba yanayi ɗaya suke ba. Marwa kam gida ce ga 'yar Bogo. Zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 ta san shi, hunturun Disamba da Janairu ta san shi, damina kuma gajera ce. Garwa, a bakin kogin Binuwai, ta fi Marwa ma turara mutum. Wadda za ta waɗannan garuruwa biyu a nema mata yadin auduga zalla, mara nauyi. Yadin roba mai sheƙi yana da kyau a shago, amma a aji mai cike da ɗaruruwan ɗalibai da rana tsaka, azaba ne. Ngaundere kuwa a kan tudun Adamawa take, sama da mita 1,000 daga teku, ruwa yana sauka tun wajen Afrilu har Oktoba, asuba da dare akwai sanyi. Wadda za ta can dole a sa mata rigar sanyi mai kauri 1 da mara nauyi 1, safa, bargo na gaske, lema, da rufaffen takalmi da zai jure jan taɓo.

Na biyu, ɗaki. Ɗakunan kwanan da jami'a ke bayarwa ba sa isar ɗalibai, don haka yawancin yaranmu a gidajen haya na ɗalibai suke zama, waɗanda ake kira mini-site. Sau da yawa mutum biyu ne a ɗaki don a raba kuɗin haya. Ba lallai a samu wurin rataye kaya ba. Akwati ɗaya matsakaici mai kwaɗo, da jaka ɗaya ta bargo da zanen gado, su ne iyaka. Abin da bai shiga nan ba ya jira ta a gida. Ku tuna kuma ita za ta riƙa jan kayan nan a tasha, daga Bogo zuwa Marwa, daga Marwa a wuce Garwa a hau tsaunin Mbe, tafiyar kusan kilomita 500. Ba kullum za a samu ɗan rakiya ba.

Na uku, wanki. Ɗaliba a mako sau ɗaya take samun sararin wanki, wani lokaci ma sai ta bi layin famfo ko rijiya. To lissafin ya fito: kayan kwana bakwai, da rarar ɗaya ko biyu. Ga yadda nake ba da shawara, kowa ya daidaita da aljihunsa:

Kayan shiga aji kala 7 ko 8. Misali ɗinkin atamfa 4, abaya ko doguwar riga 2, siket baƙi ko ruwan toka 2 da riguna 3 da za a riƙa sauya musu. Turmi yadi 6 ne, tela mai hankali zai fitar da doguwar riga da ɗankwali har a samu rara, ko riga da siket. Ɗinkin ya zama mai sauƙi, wanda za ta iya hawa babur da shi ba tare da ta yi ta jan zane ba, don a garuruwan nan babur ne motar ɗalibi.

Hijabi 3 ko 4 da mayafi 2, dukkansu masu launi ɗaya ba zane-zane: baƙi, ruwan ƙasa, ruwan toka, shuɗi mai duhu. Hijabi mai launi ɗaya yana shiga da kowace atamfa, kin ga an huta da neman na kowane kaya daban. A ware guda na sallah wanda ba ya fita waje. Maganar niƙabi kuwa a yi tambaya tukuna. Mun tuna a Yulin 2015, bayan harin Fotokol, hukumar jihar Arewa Mai Nisa ta hana rufe fuska, kuma ko ba wannan ba, a ɗakin jarrabawa sai an ga fuskar ɗaliba an gwada da katinta.

Kayan zaman ɗaki 3, zanen wanka 2, tawul 1. Kayan ciki kuwa nan ne wurin da ba a rowa: kamar 10, na auduga. Takalma 3 sun isa: na shiga aji mara tsini, na fita, da silifan wanka. Kayan ado na taro kala 1 tak, don Sallah ko biki. Wadda za ta karanta kimiyya, ko aikin likita a Garwa, ko likitancin dabbobi a Ngaundere, za a nemi farar rigar ɗakin gwaji da rufaffen takalmi. A bari sai makaranta ta faɗi irin wadda take so kafin a saya.

Sai 'yan ƙananan abubuwan da ba wanda ke tunawa sai an je: gidan sauro, igiyar shanya da maƙalai, bokiti, allura da zare, da dutsen guga na gawayi saboda ɗaukewar wuta. Gugar nan ba don gayu kaɗai ba ce. A wuraren damshi akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jikin tufafi masu laima, musamman in an shanya a ƙasa, tsutsar ta shiga fata ta zama kamar maruru. Zafin guga ne ke kashe ƙwan. A gaya mata ta riƙa shanya a igiya cikin rana, ta goge har kayan ciki.

Zinare kuwa, don Allah a bar shi a gida. Ɗakin da ƙawaye ke shiga suna fita ba wurin ajiyar sarƙar gado ba ne. In ta ɓata, ban da asara, sai zargi ya shiga tsakanin yaran da za su zauna tare shekara uku. 'Yan kunne na yau da kullum sun wadatar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda ya fi ƙarfin lissafin yadi.

Yaran nan shekara bakwai suka yi a makarantar sakandare cikin kayan makaranta iri ɗaya. 'Yar mai shanu ɗari da 'yar mai tallan goro ba a bambance su a aji. A jami'a ne karo na farko da kowa za ta fito da abin da gidansu ya ba ta, ga 'yan Duwala, ga 'yan Yawunde, ga 'yan Chadi. Yarinya 'yar shekara 18 tana kallo, tana gwada kanta da su. In aka cika mata akwati da leshi da zinare, ta zama abin nuni, masu aro da masu kwaɗayi su yi mata caa. In kuma aka tura ta da kala uku da suka koɗe aka ce ai karatu ta je yi, to akwai masu motoci da ke zagaya unguwannin ɗalibai da yamma, sun san yarinyar da ke jin kunyar kayanta tun daga nesa. Da riga ɗaya ake fara sayen mutunci. Hausawa suka ce tsira da mutunci ya fi tsira da kaya, gaskiya ne, amma kada mu manta rashin kayan ma yana iya jefa mutuncin cikin haɗari.

Don haka shawarata ga iyaye maza, musamman ku da kuke nesa: kuɗin da kuka ware na sutura, a raba shi uku. Kashi biyu a yi kaya yanzu. Kashi ɗaya ya zauna a hannun mahaifiyarta har yarinya ta yi wata guda a makaranta. A lokacin ta ga gari, ta ga ɗaki, ta san abin da ya rage mata da gaske, sai a tura mata ta Orange Money ko MoMo ta saya. Ko a gwanjo akwai rigunan sanyi masu kyau da araha. A kuma tuna da atamfar 8 ga Maris, ta ranar mata, wadda ake fitar da sabuwa kowace shekara a Kamaru. In za ku saya mata, ku faɗa tun wuri. In ba za ku saya ba, shi ma ku faɗa, kada ta tsaya jiran wani ya saya mata.

Sannan Alhaji, bayan sefa dubu 50 na rajistar shekara da kuɗin haya da na abinci, akwai wani ɗan kuɗi na wata-wata da 'yarka ba za ta taɓa buɗe baki ta tambaye ka ba: sabulu, man shafawa, audugar mata, kitso. Kunya ba za ta bar ta ba. Ka sa shi a lissafi da kanka, ka bi ta hannun uwarta, ba sai an yi dogon bayani ba.

Ke kuma uwargida, ranar zuwa wurin tela ki tafi da ita. Ki sa iyakarki a fili: tsawo kaza, hannu kaza, ba matsewa. Cikin wannan iyakar ki bar ta ta zaɓi launi da ɗinki. Kayan da yarinya ba ta so, a ƙasan akwati suke kwana, ita kuma ta koma aron na ƙawaye, ga shi an ce kayan aro ba ya rufe katara. Ki koya mata yadda ake hana aro ba tare da faɗa ba: mayafi a ba da, kayan ciki da tawul da takalmi kuwa ta ce, "Yi haƙuri, Mama ta hana." Ta jingina laifin a kanki, ba komai. A kai ɗinkin da wuri kuma, don daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba teloli sun nutse cikin kayan 'yan makaranta, ba mai sauraron ki.

Alhajin Brikiteri ya sake bugowa jiya. Ya ce to sauran turmi shidan da leshin fa, ya yi yaya da su? Na ce ya mayar da su kanta ya sayar, kuɗin ya zama na bargo da littattafai da kuɗin motar zuwa hutu. In kuma zuciyarsa ba ta yarda ba, ya ajiye. Ranar lefen tana nan tafe in Allah ya so, kuma a lokacin ma ba shi zai haɗa ba.

Allah ya tsare mana su a inda idonmu ba ya kaiwa, ya ba su ilimi mai amfani, ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa in muna da rai.