Mo Cowan: Riƙon Ƙwarya Ba Gadon Gida Ba Ne

Akwai masu raina William "Mo" Cowan, lauyan da ya zama sanatan riƙon ƙwarya a Amurka, suna cewa yaron gwamna ne aka ba shi kujera a ɓagas. Mu ba mu yarda ba.

An haifi Cowan a 1969 a Yadkinville, wani ƙaramin gari a jihar North Carolina. Mahaifiyarsa tela ce, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 16. Ya yi jami'ar Duke, ya karanta lauya a Northeastern da ke Boston, ya yi shekaru yana aiki a kamfanin lauyoyi na Mintz Levin. A 2009 Gwamna Deval Patrick na jihar Massachusetts ya ɗauke shi babban lauyansa, daga baya ya zama shugaban ma'aikatansa. Wannan ne mutumin da ake cewa bai sha wuya ba?

Da John Kerry ya bar majalisar dattawa a farkon 2013 don zama sakataren harkokin waje, Patrick ya naɗa Cowan. Masu suka sun ce na hannun damansa ya zaɓa, alhali ga gogaggen ɗan majalisa Barney Frank da ya fito fili yana so. Gaskiya ne. Amma ku dubi sharaɗin: dokar jihar ta tilasta a yi zaɓen cike gurbi cikin kwana 145 zuwa 160, shi kuma tun ranar farko ya ce ba zai tsaya takara ba. Aka yi zaɓe a watan Yuni, Ed Markey ya ci, a Yuli Cowan ya miƙa kujera ya kama gabansa. Bai nemi ƙarin wa'adi ba, bai garzaya kotu ba.

Mu a Nijeriya mun san abin da "riƙon ƙwarya" ya zama: kantomomin da gwamnoni ke dasawa a ƙananan hukumomi, wata shida ya koma shekaru, har sai da Kotun Ƙoli ta haramta hakan a Yulin 2024. To da wane baki za mu raina wanda aka ba shi ajiya ya mayar ranar da aka ce?

Duk wanda aka ba riƙo, a gwamnati ko a ƙungiya, a tambaye shi abu biyu: yaushe za ka sauka, kuma za ka tsaya takara? In ya fara kame-kame, a ja da baya. Allah Ya ba mu masu riƙon amana.