BAYAN KYAMARA: Boga ko burga?

Duk wanda ya taɓa leƙa lokeshan a ranar da za a ɗauki sin ɗin soyayya a gidan cin abinci, ya san yadda abin yake. Tun da hantsi furodusa zai tura yaro a kan babur ya sayo boga guda biyu, da soyayyen dankali, da lemon kwali. A jera su a faranti, a gyara fitila, a zaunar da jarumi da jaruma suna fuskantar juna. Kafin darakta ya ce akshan, sai mai kula da kwantiniti ya matso ya ja wa jaruma kunne: "Don Allah Hajiya kar ki gatsa da yawa, su ke nan guda biyu, kuma ta ɓangare uku za a ɗauka." Haka za a yi ta yi, ta kai baki ta dawo, ta kai baki ta dawo, har bogar ta huce ta sandare.

Da an ce kot, an tashi cin abinci, sai ka ga ikon Allah. Jarumin da ɗazu yake riƙe da cokali mai yatsu kamar ɗan minista, ga shi ya naɗe hannun riga a gaban mai gurasa, yana cewa a ƙara masa ƙuli da yaji. Jarumar ta aika a karɓo mata burodi da ƙwai a wurin mai shayi. Mai ɗaukar hoto da mai fitila sun haɗa kuɗi sun sayi tsire an naɗe masu cikin gurasa. Ita kuwa boga tana can kan tebur ƙuda na kewaya ta, sai dai in yaron da ke kula da janareta ya lallaɓa ya ɗauke.

To, me ya sa abincin da yake riƙe da 'yan fim ba ya samun shiga fim, sai wanda aka sayo don ado?

Daga ina ta fito?

Da farko dai a san ko mece ce. Boga ba wani abu ba ce illa niƙaƙƙen nama da aka mulmula aka gasa, aka cusa tsakanin ɓari biyu na ɗan kewayayyen burodi, aka ƙara latas da tumatir da albasa, wani lokaci da cuku. Cikakken sunanta hamburger, kuma da yawa suna tsorata da sunan saboda ham a Turanci naman alade ne. Ba daga nan sunan ya fito ba. Daga Hambug ne, wani birni mai tashar jiragen ruwa a Jamus. Asalinta da naman shanu ake yi. Amma ɗan fim ɗin da ya samu fita waje ya riƙa tambaya kafin ya kai baki, domin a can akan shimfiɗa yankan alade a kan wasu, kuma ba kowane nama ne yankan Musulmi ba.

Shi kuwa sanwic, wato duk abin da aka cusa tsakanin yanka biyu na burodi, sunan sarautar wani basarake ne na Ingila mai suna John Montagu, wanda ya rayu a ƙarni na 18. Ashe ke nan burodi da ƙwan mai shayi ma sanwic ne, sunan ne kawai bai samu ba.

Amurka ce ta mayar da boga kasuwa. A 1940 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka buɗe wurin sayar da abinci a garin San Bernardino na jihar Kalifoniya. A 1948 suka rage yawan abincin da suke sayarwa, suka tsara kicin ɗinsu kamar masana'anta: wannan ya gasa, wancan ya sa albasa, na gaba ya naɗe. Boga ɗaya santi 15, ba jira. A 1954 wani mai tallar injin kaɗa madara, Ray Kroc, ya je ya ga layin mutane, idonsa ya buɗe. Ya karɓi izinin buɗe rassa da sunansu, ya buɗe nasa na farko a 1955, a 1961 kuma ya saye kamfanin ɗungurungum a kan dala miliyan 2.7. Wannan labarin ne aka mayar fim a 2016 mai suna The Founder, inda Michael Keaton ya fito a matsayin Kroc. Duk furodusan da ya taɓa shan wahalar haɗa fim, wani ya kwashi ribar, in ya kalli yadda aka ƙare da 'yan'uwan nan biyu sai jikinsa ya yi sanyi.

Yadda fim ya yi mata talla

Abin lura shi ne, a finafinan Amurka boga ba abincin masu kuɗi ba ce. Ku tuna Coming to America na 1988. Da Eddie Murphy, a matsayin Yarima Akeem na ƙasar Zamunda, ya so ya ɓoye sarautarsa ya nemi matar da za ta so shi don Allah, ina ya nufa? Shagon boga na McDowell's a unguwar Queens ta birnin New York, ya kama aikin goge ƙasa. Wato a can, shagon boga nan ne inda ɗan sarki yake zuwa in yana so ya zama talaka. A fim ɗin Hausa kuwa, nan ne inda talaka yake zuwa in yana so ya zama ɗan sarki!

A Pulp Fiction na 1994, John Travolta da Samuel L. Jackson suna cikin mota za su je aikin ta'asa, amma hirar da suke yi ita ce sunan da ake kiran wata boga a Faransa. A Iron Man na 2008, da attajiri Tony Stark ya kuɓuta daga hannun waɗanda suka tsare shi a Afghanistan ya dawo gida, abin da ya fara nema shi ne boga mai cuku, kuma ta kamfanin Burger King aka nuno a hannunsa. Saƙon a fili yake: wannan shi ne ɗanɗanon gida. A ƙarshen The Avengers na 2012 kuma, bayan sunaye sun gama wucewa, sai ga jaruman duka a gajiye cikin wani ɗan shago suna cin shawarma, ba mai cewa uffan.

Kamfanoni sun san darajar irin wannan fitowa, shi ya sa sukan ƙulla yarjejeniya da masu fim don a ga kayansu a hannun jarumi. A nan kuwa furodusa ne yake cire kuɗi daga aljihunsa ya sayo, ya yi wa abin talla kyauta, ko godiya babu.

Ba yabo kaɗai fim ya yi wa boga ba. A 2004 Morgan Spurlock ya fitar da Super Size Me, inda ya yi kwana 30 ba ya cin komai sai abincin McDonald's, safe da rana da dare, likitoci na duba shi. Ya ƙara nauyin kilo 11. Fim ɗin ya girgiza Amurka har ya shiga takarar Oscar. Sai dai a 2017 Spurlock ya bayyana da kansa cewa ya daɗe yana fama da shan giya, abin da ya sa mutane suka shiga shakkar ko boga ce kaɗai ta taɓa masa hanta. Ya rasu a 2024. Duk da haka babu likitan da zai ce maiƙo da gishiri da lemon zaƙi kullum alheri ne ga jiki.

A tambayi Indiyawa

Tunda an daɗe ana cewa 'yan fim ɗin Hausa suna kwaikwayon Indiya, to ga wani abu da ya kamata a kwaikwaya. Mutanen Mumbai, cibiyar finafinan Indiya, suna da tasu bogar mai suna vada pav. Dankalin Turawa ake dafawa a marmasa da kayan yaji, a mulmula, a tsoma a ƙullun garin wani irin wake nasu, a soya, a cusa cikin ɗan burodi da yajin tafarnuwa da soyayyen barkono. Ana danganta farkonta da wani mai suna Ashok Vaidya, wanda ya kafa teburinsa a bakin tashar jirgin ƙasa ta Dadar a shekarun 1960, yana sayar wa leburorin masaƙu masu saurin kama jirgi. Abincin talaka ne tsantsa, amma mutumin Mumbai ba ya jin kunyarsa, alfahari ma yake yi da shi.

Da McDonald's ya shiga Indiya a 1996, ya buɗe a Delhi, dole ya sauke girman kai. Hindu ba sa cin naman shanu, Musulmi ba sa cin alade, don haka ya ajiye duka biyun, daga baya ya fito da bogar dankali mai suna McAloo Tikki. Wato baƙo ne ya bi al'adar masu gida.

A ɓangaren fim kuma, a 2013 darakta Ritesh Batra ya yi The Lunchbox, tare da marigayi Irrfan Khan da Nimrat Kaur. Labarin kwanon abincin rana ne da wata matar aure take aika wa mijinta ofis, masu kai abinci suka yi kuskure suka kai wa wani mutum da matarsa ta rasu, daga nan suka shiga musayar wasiƙa a cikin kwanon. Babu gidan abinci na alfarma, babu motar yayi, girkin gida ne kawai a kwanon ƙarfe mai hawa-hawa. Amma sai da aka nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa, duniya ta yaba.

Laifin me gurasa ta yi?

Yanzu a dawo Kano. In ana maganar abincin gaggawa, wanne ne ya kai gurasa? Fulawa ce da yis, a gasa a jikin tanderu, sana'ar da unguwar Jakara ta yi suna a kanta, kuma ana danganta zuwanta da Larabawa fatake da suka zauna cikin birni. In bandashe kake so, a ɗan yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli, a zuba man gyaɗa da yaji, a yanka albasa da tumatir da kabeji. In aljihu da nauyi, a ɗora tsire ko balangu mai zafi, romon ya ratsa ta. Kafin ka gama gaisawa da mai ita an miƙo maka. Burodi, nama, ganye: duk abin da boga take taƙama da shi gurasa tana da shi, har da ƙarin ƙuli.

Masu shirya fim suna da hujjarsu, kuma ba a raina ta ba. Sukan ce ɗan kallo ya gaji da ganin wahala a gida, in ya kunna fim so yake ya ga daula. Sukan ce gidan abinci na zamani akwai sanyi da haske da shiru, alhali in ka kafa kyamara a gaban mai gurasa da fitacciyar jaruma, kafin minti biyar yaran unguwa sun rufe titi, ga ƙarar Adaidaita, ga masu ɗaukar hoto da waya. Gaskiya ne. Kuma babu wanda ya ce Bahaushe ba ya cin boga. Tun da kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's a Legas a 1986 irin waɗannan wurare suka yi ta yaɗuwa a ƙasar nan, har Burger King ma ya iso Legas a 2021, ga masu shawarma ko'ina a manyan titunan Kano da Kaduna. Mai sha'awa ya ci abinsa, halalinsa ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne darasin da ake cusa wa 'yan kallo. In aka ce fim bayan fim, saurayin kirki shi ne mai zuwa da farar leda daga gidan abinci, shi kuwa mai tsayawa wurin mai shayi sai ɗan daba ko ɗan barkwanci, to yarinyar da take kallo a ɗaki me za ta ɗauka? Gobe in ɗan makaranta ko mai ɗinki ya zo zance da gurasa da tsirensa mai zafi, wanda ya saya da guminsa, kallon me za ta yi masa? Shi kuma don kar a raina shi, sai ya ci bashi ya sayo abin da ko shi bai ƙoshi da shi ba. Daga nan ƙarya ta fara, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Sannan akwai su masu aikin. Abin takaici ne a ce an samu kuɗin sayen abincin da za a nuna wa kyamara, amma yaron da ya wuni yana ɗaukar fitila a rana sai la'asar ake tunawa bai karya ba. Ba kowane furodusa ne yake haka ba, akwai masu ƙoƙari ƙwarai. Amma masu yi sun san kansu, kuma ya kamata su tuna da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yanzu da finafinai masu dogon zango suka karɓi kasuwa a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, ba a Kano kaɗai ake kallo ba. Ana kallo a Yamai da Kumasi da Jidda da Landan. Bakanon da ya shekara goma a waje ba boga yake marmari ba, ita ce a ƙofar gidansa. Abin da zai sa ya tsayar da fim ya dawo da shi baya shi ne ya ga hayaƙin tanderu, ya ga hannu na barbaɗa ƙuli, ya ji mai gurasa na cewa, "Alhaji, ta nawa za a sa?"

Saura darakta mai ƙarfin hali da zai zaunar da jaruminsa da jarumarsa a kan benci, a ajiye masu bandashe a faranti ɗaya, ya ce akshan. A ranar dai mai kwantiniti zai sha aiki, domin babu jarumar da za ta iya kai baki ta dawo.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.