Hamada ba hanyar kasuwa ba ce

A Ɗan Isa, moto ya zama jakin zamani. Da shi samari ke kai kaya kasuwa, da shi ake zuwa Maraɗi ko Jibiya a komo gida kafin magariba. Wannan sabo ya sa waɗansu suna tsammani moto yana iya kai su ko'ina, har Agadas, har Bilma, ba tare da shiri ba. Wannan kuskure ne babba.

A ƙasar Madarumfa, gari ba ya nisa da gari. In moto ya lalace, sai a tura shi wurin mai gyara. In ƙishirwa ta kama mutum, ga rijiya kusa. Arewa ba haka take ba. Daga Agadas zuwa Bilma akwai fiye da kilomita 500 cikin rairayin Tenere. Babu kwalta, babu inuwa, iska kuma tana shafe sawu. Cikin yashi moto ya fi shan mai, ga shi ba ya ɗaukar ruwa da yawa.

Hamada ba ta barin kowa. A shekarar 1977, wani Bafaranshe gwanin tuƙi, Thierry Sabine, ya ɓace da motonsa wajen tsere, da ƙyar aka gano shi. A watan Oktoba na 2013, motocin waɗansu matafiya suka lalace arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Mutum 92 suka mutu da ƙishirwa, yawancinsu mata da yara.

Amma tun zamanin da, ayarin Abzinawa ke ratsa Tenere, su ɗauko gishiri da dabino a Fashi da Bilma. Asirinsu shi ne shiri. Suna jira sai zafi ya wuce. Suna tafiya da yawa. Suna da madugu wanda ya san rijiyoyi da taurari. Suna ɗaukar salkunan ruwa da harawar raƙuma tun daga gida.

Mai moto ya kamata ya yi koyi da su. Ya zaɓi lokacin sanyi. Kada ya tafi shi kaɗai. Ya nemi ja-gora ɗan ƙasa. Ya lissafa mai da ruwa daga rijiya zuwa rijiya, sannan ya ƙara a kai. Ya riƙe tubu da faci da famfo da fulogi. Ya shaida wa iyayensa da jandarmomi ranar tashinsa da hanyar da zai bi, don wayar hannu ba ta kamawa a can. In moto ya mutu, ya tsaya kusa da shi, don nan masu nema za su fara dubawa.

Wanda bai iya yin wannan shiri ba, ya zauna gida. Ba tsoro ba ne, hankali ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.