ZAUREN IYALI: Ɗaukar ɗan leƙe a kan uwar 'ya'ya

  

A shekarar 2018, wata rana bayan sallar La'asar, wani magidanci ya yi sallama a zauren mahaifinmu a Umdurman, inda yake limanci a cikin jama'armu Hausawa mazauna Sudan. Muna zaune a gefe. Mutumin ya saki matarsa, tana gidan iyayenta da 'ya'yansu biyu, mace 'yar shekara 8 da namiji ɗan shekara 6. Ya fito da wayarsa cike da hotuna. Wata uku ke nan yana biyan wani mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, don ya riƙa bin ta, yana kuma ɗan ihsani ga wata mai sayar da shayi a bakin layinsu don ta riƙa ƙirga masu shiga da fita. Ga ta tana fita da sassafe, ga ta tana sauka daga motar wani namiji, ga ta tana dawowa bayan Magariba. Ya ce, "Malam, ina so a sa mini albarka, da wannan zan je kotu in karɓi 'ya'yana."

Mahaifinmu bai karɓi wayar ba. Ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da aika musu abinci? Sun bar makaranta ne, ko an bar su da ciwo ba magani? Nawa ka ba mai raksha?" Mutumin ya sunkuyar da kai. Daga baya ta bayyana cewa kasuwar Umdurman take zuwa saye da sayarwa tun da ciyarwa ta tsaya, mai motar kuma kawunta ne. Kuɗin da mai raksha ya ci sun isa abincin yaran na tsawon lokacin.

Mun tuna da wannan ne domin al'adar tana ƙara yaɗuwa a cikinmu. A Amurka da Ingila da Faransa akwai masu sana'ar bincike na haya, waɗanda miji ko mata ke biya don su tattaro hujjar zuwa kotu. A Faransa sai da lasisin hukuma ake yin sana'ar, dokarsu kuma ba ta karɓar hujjar da aka samo ta hanyar tilas ko yaudara a shari'ar saki, ba ta kuma yarda 'ya'ya su ba da shaida a kan laifuffukan da iyayensu ke zargin juna da su. Mu namu ɗan leƙen ba shi da ofis ba shi da lasisi. Maƙwabci ne, ko ɗan aike, ko wayar hannu, wani lokaci ma yaron da ake rigima a kansa.

Abin da ke tura mutane ga wannan hanya sananne ne. Dokar al'amuran iyali ta Musulmi da Sudan ta kafa a 1991 ta bar yaro a hannun mata masu reno har shekara 7, yarinya har shekara 9, ta kuma ba alƙali ikon ƙara wa'adin idan maslahar yaron ta nuna haka, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure. A mazhabar Malikiyya, wadda muka karanta a Risala da Muhtasar, wannan dogon wa'adin shi ne asali. Daga sharuɗɗan mai reno akwai hankali da amana da ikon kula da yaro. To, uban da ya ƙosa, ko wanda zuciya ta ci, sai ya ga hanya mafi kusa ita ce ya rushe amanar uwa a gaban alƙali. Daga nan farauta take farawa.

A wancan lokaci abin ya fi haka haɗari. Dokar ɗa'ar jama'a ta jihar Kartum, ta 1996, tana aiki har zuwa Nuwamba 2019 da aka soke ta, kuma ana iya kama mace a yi mata bulala saboda tufafinta, kamar yadda duniya ta ji a shari'ar Lubna Husaini a 2009. Hoto ɗaya da aka yi wa muguwar fassara yana iya kai uwar 'ya'yanka hannun 'yan sanda.

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba. A Suratul Hujurat, aya ta 12, Allah ya hana yawan zato da binciken asirin mutane da giba, ya jera su wuri guda, domin ɗaya ne ke haifar da ɗaya. Hausawa ma sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A Suratul Baƙara, aya ta 233, an hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, an kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Wanda kuwa ya wuce ya jefi mace da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba, Suratun Nur ta yanke masa bulala 80 da zubewar shaidarsa. Hoton mace tana sauka daga mota ba shaida ba ne. Mai raksha kuma da ake biya ya san ranar da ya ce bai ga komai ba, ranar ce abincinsa zai ƙare.

Mu duba magabata. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da mahaifiyar ɗansa Asim. Wata rana ya tarar da yaron yana wasa a Ƙuba, ya ɗauke shi, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi tana jayayya. Suka je gaban Halifa Abubakar, ya hukunta a bar yaron wurinsu, Umar kuma bai mayar masa da magana ba. Bai koma ya sa a bi sawun gidan ba.

Babbar ɓarna tana kan yaran. Wancan magidanci, duk Juma'a idan yarinyar ta zo wurinsa, sai ya zaunar da ita: wa ya zo gidanku, da wa uwarku ta yi waya? Har ta kai yarinyar ta daina magana a gidajen biyu. Yaron da aka mayar ɗan rahoto yana tashi da ɗayan biyu: ko ya koyi ƙarya don ya kare uwarsa, ko ya ɗauki laifin rabuwarta da shi a wuyansa har girma.

Ba muna cewa uba ya naɗe hannu idan ɗansa na cikin haɗari ba. Idan ana dukan yaro, ko ana barin sa da yunwa, ko an cire shi daga karatu, wajibi ne a tashi. Amma hanyar a fili take. A fara da waliyyin matar da dattawan ɓangarorin biyu da limamin unguwa. Idan sulhu ya gagara, a je kotu da abin da ya shafi yaron kansa: takardar asibiti, bayanin makaranta, shaidun adalai da suka gani da idonsu ba a biya su ba. Tambayar alƙali ita ce halin da yaron yake ciki. Haka nan uwa, ba ya halatta ta ɓoye yaro ko ta hana ubansa ganin sa, domin sau da yawa wannan ne ke haifar da leƙen.

Akwai kuma binciken da yake lada ne. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa mutanen Kartum da Umdurman da Bahri, miliyoyi suka bar gidajensu, wasu zuwa wasu jihohi, wasu Masar ko Cadi ko Sudan ta Kudu. Akwai iyayen da suka rabu tun kafin yaƙi, ɗaya bai san inda ɗaya ya faɗa da yara ba. Neman inda ɗanka yake haƙƙinka ne, kuma ƙungiyar Red Cross ta duniya da Red Crescent ta Sudan suna da sashen haɗa iyalan da suka ɓace wa juna, ba a biyan ko sisi. Wanda ya san inda yaran wani suke, ya sanar da shi suna raye, ko da tsakaninsu da uwar ba daɗi.

Wancan magidanci ya goge hotunan a gaban mahaifinmu, aka yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, aka tsayar da ranakun ziyara. Kafin ɗayanmu ya ba wani kuɗi don ya bi matar da ya taɓa aure, ya tambayi kansa: ɗana nake nema, ko fansa? Ranar da yaron ya girma ya ji labari, da wane ido za mu dube shi?

Allah ya shirya mana zuri'a, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya zaunar da Sudan da ƙasashenmu lafiya.