Allurar Mura: Da Babu Gara Ba Daɗi

'Yan'uwa, mu mazauna Dakata mun san abin da hunturu ke zuwa da shi: tari, zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi. Lebura a kamfanonin Bompai, Sharada ko Challawa, in ya kwanta mako guda, tukunyar gidansa ma ta kwanta.

Waɗansu sukan ce, "Wane ya yi allura, ga shi yana atishawa." Gaskiya ne. Allurar ba ta kowace mura ba ce, ta mai tsanani ce, wato infuluwenza. Ƙwayar cutar takan sake kama, shi ya sa ake sabunta allurar kowace shekara. Idan ta dace da ƙwayar, takan rage kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, ta kuma rage kwanciya asibiti. Sai bayan mako 2 take kama jiki.

Tsofaffi, masu juna biyu, masu asma da masu ciwon sukari su ne cutar ta fi kayarwa. Ga shi allurar ba ta cikin rigakafin da gwamnati ke yi kyauta. Saboda haka muna roƙon masu kamfanoni su saya wa ma'aikatansu. Mu kuma mu tambayi likita domin iyayenmu tun sanyi bai kankama ba.