Sarkozy Ya Kwana Kaso, Manya Sun Tashi Da Kuka

'Yan'uwa, ku ji abin da ya faru a Faransa. Ranar 25 ga Satumba 2025 alƙalan Paris suka yanke ma tsohon shugaban ƙasa Nicolas Sarkozy ɗaurin shekara 5. Laifinsa, in ji su, ya bar yaransa sun je neman kuɗi wajen mutanen Gaddafi don zaɓen 2007. Gaskiya ɗaya ce, mu faɗe ta: alƙalan ba su samu shaidar kuɗin sun shiga zaɓen ba, sun wanke shi daga sauran tuhuma uku, shi ko ya ce bai yi laifi ba, ya ɗaukaka ƙara.

Ranar 21 ga Oktoba aka kai shi gidan kaso na La Santé. Sai ga manya sun tashi. Kafin ya shiga, shugaba Macron ya karɓe shi a fada. Yana ciki, ministan shari'a Darmanin ya taka da ƙafarsa ya je gaishe shi. Marine Le Pen ta yi tir da a zartar da hukunci kafin a ji ƙara. Ita kam kukan kanta take, don a Maris 2025 aka hana ta tsayawa zaɓe ta wannan hanya. Alƙaliyar da ta karanta hukuncin ko, barazanar kisa aka aika mata.

Mu tambaye su: talaka nawa ke kwance a kurkukun Faransa ana jiran ƙararsu, wane minista ya leƙa su? Kakanninmu kafin 1946 kwamandan kan kulle su ba alƙali ba shaida. Sarkozy da lauyoyinsa, ranar 10 ga Nuwamba ya koma gida, bai cika sati uku ba.

Abin da ya fi ci mana rai dabam ne. Wannan mutum a Disamba 2007 ya bari Gaddafi ya kafa tanti a tsakiyar Paris. A 2011 shi ne kan gaba wajen yi ma Libiya ruwan wuta. Rumbunan makamai suka fashe, bindigogi suka kwararo Sahara, arewacin Mali ya kama a 2012, wutar ta iso mu. A Paris ba a tuhume shi a kan wannan wutar ba.